Waiwaye: Tun Yaushe Jihohi Ke Jan Igiya Da Gwamnatin Tarayya?

Da zarar an ta da maganar sake fasalin ƙasa ko rage wa Abuja iko, da yawa daga cikinmu a Arewa sai mu ɗauka wata maƙarƙashiya ce aka ƙullo daga Kudu. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A cikin manyan sassan ƙasar nan, Arewa na sahun gaba wajen cewa a bar kowa ya ci gashin kansa, kuma tun kafin a samu 'yanci shugabanninta suka faɗa a bainar jama'a cewa in ba a yi haka ba za su kama gabansu.

A taron tsarin mulki da aka yi a Ibadan a 1950, Sarkin Zazzau, da goyon bayan Sarkin Katsina, ya shaida wa mahalarta cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a mayar da ita yadda take kafin haɗe Arewa da Kudu a 1914. Aka ba ta rabin. Bayan shekara uku, ranar 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da hali ya yi. Dalilinsa a fili yake: 'yan bokon Arewa ba su da yawa, in Turawa suka tafi a lokacin, ofisoshin gwamnati daga Kaduna har lardi mutanen Kudu ne za su cika su. Da wakilan Arewa suka fito daga majalisa, jama'ar Legas suka yi musu ihu da ature. A watan Mayu, da tawagar AG ƙarƙashin Akintola ta shirya gangami a Kano, rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, kuma alkaluman hukuma suka ce mutum 36 ne suka mutu.

Cikin wannan zafin ne majalisar dokokin Arewa da ta sarakuna suka amince da wasu buƙatu takwas a Kaduna. Wanda ya duba su yau zai yi mamaki. Sun nemi kowane yanki ya riƙe dukkan ikonsa, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan da 'yan abubuwa kaɗan, kuma kada a yi majalisar dokoki ta tsakiya sam, sai dai wata hukuma da za ta riƙa kula da ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya hana a kai ga rabuwa har da lissafi na zahiri: gyaɗa da auduga da fatun Arewa ta jirgin ƙasa suke bi zuwa tashoshin ruwa na Legas da Fatakwal, kuma babu wata hanyar fita teku.

Yamma ma ta yi nata barazanar. Da aka yanke a taron Landan na 1953 cewa za a cire Legas daga Jihar Yamma, Awolowo ya yi maganar ɓallewa, kuma a taron Legas na 1954 jam'iyyarsa ta AG ta nemi a rubuta 'yancin ficewa a cikin tsarin mulki. Jam'iyyar NCNC ta Azikiwe ta ƙi, Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton shi ma ya ƙi. Abin da aka samu shi ne tarayya mai yankuna masu ƙarfi. A Jamhuriya ta Farko kowane yanki na da nasa kundin tsarin mulki da wakilinsa a Landan, ana mayar masa da rabin kuɗin da aka samu daga ma'adinan ƙasarsa, sannan hukumar cinikin amfanin gona tana hannunsa. A Arewa, 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai duk na En'e ne. Dattawan da suka ga zamanin ba duka ne ke tuna 'yan doka da alheri ba, musamman 'yan NEPU da suka sha ɗauri da bulala a hannunsu, kuma wannan ɓangaren labarin bai kamata a ɓoye shi ba.

Shekarar 1966 ce ta rushe wannan gini. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshin Arewa a ranar 15 ga Janairu, Janar Ironsi ya fitar da Doka ta 34 a ranar 24 ga Mayu, ya soke yankuna ya haɗe aikin gwamnati wuri guda. Cikin kwanaki garuruwan Arewa suka kama da wuta, ana ihun "a raba". Sojojin da suka yi juyin mulkin 29 ga Yuli ma da niyyar rabuwa da yawansu suka fito, sai da aka lallashe su. Har a taron tsarin mulki na watan Satumba, wakilan Arewa sun fara gabatar da tsari mai sassauci wanda ya ƙunshi 'yancin ficewa, daga baya suka janye suka koma neman tarayya mai ƙarfi da ƙirƙiro jihohi. A watannin nan ne aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a Arewa, waɗanda suka tsira suka kwashe zuwa gida. Duk wanda zai yi maganar Biyafara ya tsallake wannan bai yi wa gaskiya adalci ba.

A Aburi ta ƙasar Ghana, ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, shugaban ƙasa Gowon da Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, da sauran hafsoshi suka cimma yarjejeniya, amma kowa ya koma gida da tasa fahimtar. Ojukwu ya ce an amince yankuna su riƙe iko, manyan ma'aikatan Legas suka ce in aka bi haka babu abin da ya rage wa tsakiya. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jiha 12, wanda ya zare ƙananan ƙabilu masu man fetur daga ƙarƙashin Inugu, babban birnin yankin Gabas. Bayan kwana uku Ojukwu ya ayyana Biyafara. Aka yi wata talatin ana yaƙi, har zuwa Janairun 1970, kuma mafi yawan ƙiyasi na cewa waɗanda suka mutu sun kai miliyan ɗaya ko fiye, akasarinsu yunwa ce ta kashe su.

Daga nan soja da man fetur suka tattara iko a tsakiya. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya mai, aka shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sanda ta ƙasa, a shekarun 1970 tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna irin su ABU. Jihohi suka yi ta ƙaruwa, daga 12 zuwa 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996, kuma kowace ƙari sai ta fito da jiha mafi ƙanƙanta, mafi dogaro da rabon wata-wata. Kundin 1999 ya gaji wannan tsari. Sashe na 2 ya ce ƙasar ɗaya ce da ba a rabawa, sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, an keɓe wa tarayya batutuwa 68, kuma tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na asusun rabo, jihohi su raba 26.72, ƙananan hukumomi 20.60.

Duk da haka jihohi ba su daina gwada iyakar ikon tarayya ba, kuma ba Kudu kaɗai ba. Lokacin da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, da ikon da kundin ya ba majalisar jiha na yin dokoki da kafa kotuna ya kafa hujja. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce Obasanjo ba shi da hurumin riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas. A 2021 Ribas ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal kan karɓar harajin VAT, abin da ya ta da hankalin gwamnonin Arewa ƙwarai. A 2023 kuwa, lokacin da mutane ke kwana a layin banki ana sayen naira da naira, Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli kan canjin kuɗi, kuma ranar 3 ga Maris kotun ta ba su gaskiya. A watan nan ne Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari.

Kiran ɓallewa bai mutu ba. Ƙungiyar MASSOB mai fafutukar kafa Biyafara ta ɓullo a 1999, IPOB ta Nnamdi Kanu ta biyo baya har aka haramta ta a 2017, shekarar da wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba 'yan Ibo wa'adin barin yankin, maganar da ta kamata ta ba kowa kunya idan aka tuna 1966. Sunday Igboho ya yi nasa a ƙasar Yarbawa. A ganina rabuwa ba za ta warware wa kowa matsala ba, kuma waɗanda za su fara ɗanɗana kuɗarta su ne ɗan kasuwar Sabon Gari da mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas.

Inda takalmin ke matsa mu yanzu shi ne tsaro. Da jihohin Kudu maso Yamma suka kafa rundunar tsaro ta Amotekun a farkon 2020, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce haramtacciya ce, kuma da yawa a Arewa suka tafa masa. Kafin a cika shekara huɗu Katsina ta kafa nata dakarun sa-kai, Zamfara ta biyo da Askarawa, domin gwamna na amsa sunan shugaban tsaro a jiharsa alhali kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni. Mutumin Jibiya ko Zurmi da ya biya kuɗin fansa yana da haƙƙin ya san wa zai riƙe da alhakin tsaronsa. Masu tsoron 'yan sandan jiha su ma suna da hujja, don gwamnonin da ke kukan Abuja ta danne su, su ne suka shekara da shekaru suna riƙe kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomin kai tsaye. Kafa 'yan sandan jiha na buƙatar gyaran sashe na 214, wanda sai kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya sun amince, sannan majalisun jihohi 24 su mara baya, kuma 19 daga cikin majalisun jihohin ƙasar nan a Arewa suke.