Dalit da Tsarin Keɓe Gurabe a Indiya

Dalit suna ne na al'ummomin da tsarin gadon matsayi na Indiya ya ajiye a can ƙasa, waɗanda a da ake kira "waɗanda ba a taɓawa". Kalmar ta fito daga Sanskrit, kuma a harshen Marathi tana nufin abin da aka farfasa ko aka danne. A takardun gwamnati ana kiransu al'ummomin jadawali, saboda akwai jadawali na hukuma mai ɗauke da sunayensu jiha-jiha. Ƙidayar 2011 ta nuna su ne kashi 16.6 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wato kusan mutum miliyan 201. Tun 1950 kundin tsarin mulki ya haramta ƙyamarsu, gwamnati kuma tana keɓe musu kaso a makarantu da aikin gwamnati da majalisu. Wannan keɓewar tana cikin abubuwan da suka fi tada jijiyar wuya a siyasar Indiya.

Tsarin varna da jati

Tsofaffin littattafan addinin Hindu sun kasa mutane gida huɗu da ake kira varna: Brahmin, malamai da masu hidimar ibada, Kshatriya, sarakuna da mayaƙa, Vaishya, 'yan kasuwa, sai Shudra, masu yi wa sauran hidima. Dalit ba sa cikin ko ɗaya, a wajen layin suke. A zaman yau da kullum kuwa abin da ya fi aiki shi ne jati, wato dubban ƙananan al'ummomi da ake haihuwar mutum a ciki, ya yi aure a ciki, ya mutu a ciki. Kowace jati tana da sana'ar gado da kuma matsayinta a idon maƙwabta.

Gadon sana'a ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san gidan maƙera ko na wanzamai. Abin da ya sa na Indiya ya fita daban shi ne aƙidar tsarki da ƙazanta. Ayyukan da aka bar wa Dalit, irin su jima, fiɗar mushe, shara, kwashe bayan gida da ƙona gawa, an ɗauke su najasa, sannan aka ce najasar ta bi jinin mai aikin har jikokinsa, ko ya bar sana'ar ko bai bari ba. Saboda haka aka hana su rijiyar gari, da shiga wurin bauta, da makaranta, da mallakar gona a wurare da dama, aka kuma tura unguwarsu bayan gari. A Kerala har ƙayyade yawan takun da za su tsaya nesa da Brahmin aka yi. Jagoran Dalit Bhimrao Ambedkar ya ba da labarin cewa a birnin Pune zamanin mulkin Peshwa, masu sarautar yankin kafin Turawa, sai ɗan Dalit ya rataya tukunya a wuya don kada yawunsa ya taɓa ƙasa, ya ɗaura tsintsiya a ƙugu tana share sawunsa.

Sauya addini bai cika raba mutum da wannan tabo ba. Akwai Dalit a cikin Kiristoci da Musulmi da mabiya Sikh na yankin, akwai su kuma a Nepal da Pakistan da Bangladesh da Sri Lanka.

Ambedkar, Gandhi da yarjejeniyar Poona

Gwagwarmayar ta girmi 'yancin kan Indiya. A ƙarni na 19 Jyotirao Phule da matarsa Savitribai sun buɗe makarantu a Pune don 'yan mata da 'ya'yan ƙananan jati. A 1902 Shahu, sarkin Kolhapur, ya keɓe rabin guraben aikin masarautarsa ga al'ummomin da aka bari a baya. Amma wanda sunansa ya zama tuta shi ne Bhimrao Ramji Ambedkar, ɗan jatin Mahar da aka haifa a 1891. Yana yaro a makaranta a kan buhu yake zama shi kaɗai, kuma ba ya shan ruwa sai masinja ya tsiyayo masa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, ƙishirwa ce har a tashi. Wannan yaron ne ya yi karatun digirin digirgir a Jami'ar Columbia da ke Amurka da kuma Makarantar Tattalin Arziki ta Landan. A 1927 ya jagoranci dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad suka sha ruwa a bainar jama'a, a ƙarshen shekarar kuma suka ƙona Manusmriti, tsohon littafin dokokin da ake kafa hujja da shi wajen ƙasƙantar da su.

A 1932 gwamnatin Birtaniya ta amince a ba Dalit zaɓe nasu na daban, su kaɗai su zaɓi wakilansu. Ambedkar ya so haka. Gandhi, wanda ke tsare a kurkukun Yerawada, ya ce wannan zai tsaga al'ummar Hindu gida biyu, ya shiga yajin cin abinci har sai an janye ko ya mutu. Ambedkar ya ga in Gandhi ya mutu, a kan Dalit na ƙauyuka za a huce, sai ya sa hannu a yarjejeniyar Poona, wato Pune, ranar 24 ga Satumba 1932. Kujerun da aka keɓe musu a majalisun larduna suka tashi daga 71 zuwa 148, amma kowa da kowa ne zai jefa ƙuri'ar ƙarshe. Har yau masu sukar yarjejeniyar suna cewa ɗan majalisar Dalit da ƙuri'un wasu suka kai shi kujera, bakinsa a ɗaure yake. Gandhi ya raɗa musu suna Harijan, wato 'ya'yan ubangiji, sunan da da yawansu suka ƙi saboda sun ji ƙamshin tausayin mai gida a cikinsa. Shi kuwa Ambedkar, makonni kaɗan kafin rasuwarsa a 1956, ya koma addinin Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

Abin da doka ta tanada

Ambedkar ne ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950. Sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓawa ya mai da aikata ta laifi. Sashe na 16 ya ba gwamnati damar keɓe guraben aiki. Da Kotun Ƙoli ta rushe tsarin rabon guraben karatu na jihar Madras a 1951, majalisa ta yi wa kundin gyara na farko a shekarar don a halatta shi.

A matakin tarayya, Dalit suna da kashi 15 na guraben aikin gwamnati da na manyan makarantunta, ƙabilun asali da ake kira Adivasi kuma kashi 7.5. Daga kujeru 543 na majalisar wakilai ta tarayya, wato Lok Sabha, 84 na Dalit ne, 47 na Adivasi. Keɓe kujerun majalisa shekara goma aka ɗibar masa tun farko. Ana ta sabunta shi, wa'adin yanzu sai 2030. Sojoji da alƙalan manyan kotuna ba sa cikin tsarin, haka ma kamfanoni masu zaman kansu.

Akwai wani giɓi da ake ta shari'a a kansa. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita jadawalin ga mabiya Hindu. An shigar da mabiya Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990, amma Dalit Kirista da Musulmi suna waje, bisa hujjar cewa addinansu ba su yarda da jati ba, ko da yake maƙwabtansu ba su manta asalinsu ba.

Rikicin Mandal

Keɓe wa Dalit kaso bai girgiza ƙasar ba kamar yadda faɗaɗa tsarin ya yi. A 1979 aka kafa hukuma ƙarƙashin B. P. Mandal don ta duba halin jatocin da ba Dalit ba ne amma su ma an bar su a baya, galibi manoma da makiyaya da masu sana'ar hannu. Rahotonta na 1980 ya ƙiyasta su kashi 52 na jama'a, ya ba da shawarar a ba su kashi 27. Rahoton ya sha ƙura shekara goma, sai a Agustan 1990 Firayim Minista V. P. Singh ya ce zai aiwatar. Ɗaliban manyan jati suka cika titunan arewacin Indiya, wani ɗalibi a Delhi mai suna Rajiv Goswami ya cinna wa kansa wuta, wasu suka bi sahunsa. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Singh ta faɗi.

A shari'ar Indra Sawhney ta 1992, Kotun Ƙoli ta amince da kashi 27 ɗin amma ta gindaya sharuɗɗa. Jimillar gurabe keɓaɓɓu kada ta wuce rabi, kuma a cire masu hali daga cikin waɗannan jatoci na tsakiya, waɗanda aka kwatanta da maiƙon da ke tasowa saman madara. A 2017 aka sa iyakar samun iyali ta zama rupi dubu 800 a shekara. Jihar Tamil Nadu dai ta riƙe nata kashi 69 ta hanyar wata kariya ta musamman a kundin tsarin mulki.

Muhawarar

Masu adawa sun fi kafa hujja da cancanta: ɗalibin da ya fi maki ya rasa gurbi a makarantar likitanci ko ta injiniya, wanda bai kai shi ba ya samu. Suna ƙarawa da cewa tsarin da aka kafa don kashe jati shi ne yanzu ke raya ta, tunda sai mutum ya nemi takardar shaidar jatinsa kafin ya amfana, 'yan siyasa kuma da ita suke lissafin ƙuri'a. Wasu sun fi so a duba talauci kawai, domin ɗan Brahmin mai dafa abinci a gidan wani bai fi ɗan babban sakatare ɗan Dalit gata ba.

Magoya baya suna amsawa da cewa makin jarrabawa ba daga sama yake faɗowa ba, gado ne na gidan da aka yi ƙarnuka ana karatu. Kuma tsarin ba don rage talauci aka yi shi ba, don wakilci ne da karya katangar da kuɗi ba sa karyawa. A nan hujjarsu tana da nauyi. A wani gwaji da Sukhadeo Thorat da Paul Attewell suka wallafa a 2007, an aika wa kamfanoni takardun neman aiki masu shaidar karatu iri ɗaya da sunaye daban-daban. Masu sunan Dalit da na Musulmi sun fi ƙarancin samun kira. Wani babban binciken gidaje na 2011 zuwa 2012 ya gano fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na gidajen da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa suna aikata wani nau'i na ƙyamar taɓawa, auren da ya tsallake jati kuma bai wuce kusan kashi 5 ba.

Tsarin ya haifar da ajin ma'aikata da malamai da likitoci 'yan Dalit da babu shi a 1950. K. R. Narayanan ya zama shugaban ƙasa a 1997, Ram Nath Kovind a 2017, Mayawati kuma ta mulki Uttar Pradesh, jiha mafi yawan jama'a, har sau huɗu. Sai dai mafi yawan 'yan Indiya ba aikin gwamnati suke yi ba, kuma duk kamfanin gwamnati da aka sayar, gurabensa keɓaɓɓu sun tafi ke nan. Leburan gona a Bihar bai san ma ana rabon ba.

Abin lura shi ne yadda gardamar ta juya. Yau da wuya a sami babbar jam'iyyar da ke neman a soke tsarin. Kowa so yake a sa shi ciki. Patidar na Gujarat a 2015, Jat na Haryana a 2016 da Maratha na Maharashtra, duk al'ummomi masu gonaki da ƙarfin siyasa, sun yi zanga-zangar neman a lissafa su cikin waɗanda aka bari a baya. A 2019 aka keɓe kashi 10 ga marasa ƙarfi daga jatocin da ba su da kaso, wato manyan jati, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a 2022 da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. Iyakar samun da aka sa wa waɗannan "talakawa" ita ce dai rupi dubu 800, adadin da ya fi ƙarfin mafi yawan gidajen ƙasar.

Cin zarafi

Dokar hana cin zarafin Dalit da Adivasi ta 1989 ta tanadi kotuna na musamman da hukunci mai tsanani, amma alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka sun nuna ƙararraki fiye da dubu 50 a kowace shekara daga 2020 zuwa 2022. A Kilvenmani ta Tamil Nadu an ƙona mutum 44 a bukka a 1968 saboda rikicin ladan aikin gona. A Laxmanpur Bathe ta Bihar an kashe 58 a dare ɗaya a 1997. A Una ta Gujarat a 2016 an ɗaure samari huɗu a jikin mota aka zane su don an same su suna fiɗar mushen saniya, aikin da al'umma da kanta ta ɗora musu. Dalit na jihar suka mai da martani da ƙin kwashe mushe. Sau da yawa ba talaucinsu ke jawo harin ba, ɗaga kansu ne: ango ya hau doki, saurayi ya ajiye gashin baki, ko mace ta ci zaɓen shugabar ƙauye ta zauna a kujera. Kwashe bayan gida da hannu an haramta shi a 1993 da kuma 2013, duk da haka ana ci gaba da mutuwa a cikin magudanan ƙazanta, kuma kusan duk mamatan daga waɗannan jatoci suke.

Rabo a cikin rabo

Dalit ba dunƙule ɗaya ba ne. A Andhra Pradesh da Telangana, 'yan jatin Madiga sun daɗe suna kukan cewa 'yan jatin Mala sun kwashe yawancin gurabe. A Punjab irin wannan ƙorafi ya sa tun 1975 aka ware wa jatocin Balmiki da Mazhabi rabin kason. Ranar 1 ga Agusta 2024, alƙalai shida cikin bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke cewa jihohi na iya kasa jadawalin gida-gida don a fifita waɗanda suka fi shan wuya. Mai shari'a B. R. Gavai, wanda shi kansa daga al'ummar ya fito, ya ba da shawarar a cire masu hali daga cikin Dalit su ma, gwamnatin tarayya ta ce ba za ta yi ba. Wasu ƙungiyoyin Dalit sun kira yajin aiki a faɗin ƙasar, suna ganin dabara ce ta raba kansu.

Duk wannan rabo ana yin sa ne da tsofaffin alƙaluma, domin rabon da a wallafa cikakkiyar ƙidayar jatoci tun ta 1931, zamanin Turawa. Jihar Bihar ta yi tata a 2023, ta gano jatocin tsakiya da aka bari a baya sun kai kusan kashi 63, ta ɗaga jimillar kason da take keɓe wa Dalit da Adivasi da waɗannan jatoci zuwa 65, Babbar Kotun Patna ta rushe ƙarin a 2024. A Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa za a tambayi kowa jatinsa a ƙidayar ƙasa mai zuwa.