Me ya sa ba a cewa "we won them" a Turanci?

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya taɓa jin wani ya miƙe da murna yana cewa "we won them!" Hausa ce ke magana a bakinsa, domin mu kalmar "ci" ta ishe mu: mun ci kofi, mun ci zaɓe, mun ci su. Turanci kuwa ya raba wannan aiki gida biyu, kuma abin yana damuna ganin yadda ɗalibai masu ƙoƙari ke zubar da maki a kansa.

Kalmar win tana bin abin da aka samu: wasa, kofi, kujera. Ita kuma beat tana bin wanda aka doke. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe. Sai a ce "Nigeria beat Argentina", a kuma ce "Nigeria won the gold medal". In ka ce "Nigeria won Argentina", Bature zai ji kamar ƙasar ce aka ba mu kyauta. A lura, ko da abin ya wuce "Nigeria beat Argentina" ake cewa, babu wata kalma beated. Defeat ma'anarsu ɗaya da beat, sai dai ta fi dacewa da rubutu da labaran yaƙi ko zaɓe.

Wanda ya sha kaye kuma, lose ce tasa, tare da to: "Argentina lost to Nigeria". Harafin o ɗaya ne. Loose mai o biyu sako-sako take nufi.

Kaye ma suna ya tara. Wanda aka doke da ƙyar, edge ake cewa. Wanda aka lallasa kuwa, thrash, irin 7 da 1 da Jamus ta yi wa Brazil a gidanta a 2014. Knock out daga damben Turawa ta fito, kamar yadda Muhammad Ali ya kai George Foreman ƙasa a turmi na 8 a Kinshasa a 1974, abin da 'yan dambenmu ke kira kisa. Yanzu ana faɗinta ga ƙungiyar da aka fitar daga gasa.

Overtake da surpass ba kokawa a cikinsu, zarcewa ce kawai. A 2023 Indiya ta sha gaban Sin a yawan jama'a, to overtake ce ta dace, don da tana baya.

Wadda ta fi burge ni ita ce concede, wato mutum ya amsa da bakinsa cewa an kayar da shi. Ita jaridu suka yi ta bugawa a Maris na 2015, lokacin da Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ya taya shi murna tun kafin a gama bayyana sakamako. A filin ƙwallo kuma, "concede a goal" na nufin an zura maka ƙwallo a raga.