David Lynch

David Lynch darakta ne ɗan Amurka da ya yi aiki a fim da talbijin, an haife shi ran 20 ga Janairu 1946 a garin Missoula na jihar Montana, ya rasu a Janairun 2025 bayan ya sha fama da ciwon huhu, dama tun yana yaro yake shan taba.

Shi fa asalinsa mai zane ne, makarantar koyon zane ya shiga a Filadelfiya, a can ne sha'awar ganin zanensa na motsi ta ja shi zuwa kyamara. Fim ɗinsa na farko mai tsawo, Eraserhead, ya ci kusan shekara biyar ana ɗauka ana tsayawa saboda ba kuɗi, sai 1977 ya fito. Mai shirya finafinai Mel Brooks ya gani ya ba shi aikin ba da umarnin fim ɗin The Elephant Man na 1980, wanda ya shiga takarar Oscar a rukuni takwas. Dune na 1984 kuwa asara aka tafka, kuma ba shi aka bar wa yanke hukuncin ƙarshe wajen tace fim ɗin ba, abin ya daɗe yana ci masa rai.

Inda labarinsa ya fi daɗi dai talbijin ne. A 1990 shi da marubuci Mark Frost suka kawo Twin Peaks a tashar ABC, shiri mai dogon zango kan wata yarinya Laura Palmer da aka tsinci gawarta a wani ƙaramin gari, jama'a suka rikice kowa na tambayar wa ya kashe ta, shi kuma Lynch sam ba ya so a faɗa, to amma masu tashar suka matsa sai da aka fallasa a zango na biyu, daga nan masu kallo suka dinga zamewa har aka rufe shirin a 1991. ABC ɗin dai ce ta sake ƙin karɓar wani gwajin shiri da ya ɗauka, sai kamfanin StudioCanal na Faransa ya zuba kuɗi aka ƙarasa shi ya zama fim ɗin Mulholland Drive a 2001, har ya ba shi kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes. Abin da aka ƙi kenan fa.

A 2017 ya dawo da Twin Peaks a tashar Showtime, kashi 18, duka shi ya ba da umarni. An ba shi Oscar ta girmamawa a 2019. Finafinansa kamar mafarki suke, kuma ko an tsare shi da tambayar me suke nufi ba ya fassarawa.