Addinin Jain ba ƙin cin nama ne kaɗai ba

Da ka ambaci 'yan Jain na Indiya sai wasu su ce ai masu ƙin nama ne, shi ke nan. Abin ya wuce nan fa. Masu tsanani cikinsu ko dankali da albasa ba sa ci, don tono su yana kashe shukar da ƙananan halittun cikin ƙasa. Amma abinci reshe ne, tushen alkawura 5 ne: rashin cutar da mai rai, faɗin gaskiya, ƙin sata, kame sha'awa, da rage tara abin duniya, wannan na ƙarshen ma a ganina shi ya fi wuya. Lokacin Paryushan, bikin ibadarsu na shekara-shekara, mai kwana 8 wajen 'yan Shwetambar (ɗaya daga cikin ɗarikunsu), azumi suke yi sannan kowa ya bi mutane yana roƙon gafara, har wanda ya ɓata wa rai bai sani ba.