Narkewar Kitse da Alaƙarta da Ƙiba da Kumburin Cikin Jiki

Narkewar kitse ita ce hanyar da jiki yake bi ya farfasa mai da kitsen da aka ci, ya tsotse su ta bangon hanji, ya kai su jini, daga nan ya ƙona su ko ya ajiye. Maiƙon abinci, manja ne ko man gyaɗa ko man shanu ko kitsen tsire, kusan duk ƙirarsa ɗaya ce: ƙwayar gilisarol guda da sarƙoƙin asid ɗin mai uku a maƙale da ita. Masana suna kiran wannan tiraigilisaraid. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Hanjin mai lafiya kuma ba ya asarar mai, kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ya shiga yake tsotsewa.

Daga tumbi zuwa jini

Mai da ruwa ba sa ga maciji, cikin hanji kuwa ruwa ne. Duk wadda ta taɓa wanke tukunyar miyar manja ta san ruwa zalla ba ya fid da maiƙo sai an haɗa da sabulu. Irin wannan wanki jiki yake yi.

Tumbi ne ke farawa. Yana dama abinci, yana fid da sinadarin yanka mai da ake kira laifes, amma abin da yake narkarwa bai wuce kashi 10 zuwa 30 ba. Babban aikin yana farkon ƙaramin hanji. Da zarar maiƙo ya sauka can, bangon hanji sai ya saki wani hormon, wato sinadarin kai saƙo a jiki, mai suna kolesistokinin, wanda ke sa matsarmama ta matse ta zubo ruwan ɗacin da hanta ta haɗa. Matsarmama ita ce 'yar koriyar jakar nan da mahauci yake cirewa a hankali daga hantar rago don kada ta fashe ta ɓata nama. Ruwanta ne sabulun jiki: yana tarwatsa manyan ɗigon mai ya mai da su mitsi-mitsi. Sai laifes na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya samu wurin kamawa, ya cire biyu daga cikin sarƙoƙin nan uku. Gishirin ruwan ɗacin ya lulluɓe gutsattsarin ya kai su bakin ƙwayoyin bangon hanji, shi kuma ya zarce ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake sake tsotse mafi yawansa a mayar wa hanta.

A cikin ƙwayoyin bangon hanji ana sake ɗinke man kamar yadda yake da farko, a ƙunshe shi da furotin cikin wasu ƙulle-ƙulle da ake kira kailomaikuron. Girmansu ya hana su shiga ƙananan jijiyoyin jini, don haka suke bin hanyar ruwan limf, wasu siraran jijiyoyi dabam da na jini, su hau ƙirji, su faɗa jini a kusa da ƙashin wuya na hagu. Sukari da furotin sai sun ratsa hanta kafin su zaga jiki, amma mafi yawan mai yana zagaye ta. Likitan Italiya Gaspare Aselli ne ya ga waɗannan hanyoyi a 1622 a cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, farare fat kamar an ɗura musu nono. A ƙarshen shekarun 1840 Claude Bernard na Faransa ya lura a jikin zomo cewa ba sa yin fari sai daga inda ruwan fankiriyas yake zubowa cikin hanji, ya gane aikin wannan gaɓa ke nan.

Inda ƙiba take shigowa

A bangon ƙananan jijiyoyin tsoka da na kitse akwai wani laifes da ke sauke kayan kailomaikuron. Tsoka ta ƙona abin da take bukata, saura ya shiga rumbu. Ajiye mai a matsayin mai ba ya cin wa jiki ƙarfi sosai, kuma cokali biyu na mai ba sa cika ciki yadda malmalar tuwo take cikawa. Wake ɗaya ne, amma wanda aka soya ƙosai da shi ya sha man da na alala bai sha ba.

Duk da haka kuskure ne a ɗora wa mai laifin ƙiba shi kaɗai. Jiki yana ƙiba ne idan abin da ke shiga ya daɗe yana fin abin da ake ƙonawa. Idan sukari da lemon kwalba da farar shinkafa sun wadata shi, su zai ƙona, man ya tafi ajiya. Gadon halitta daga iyaye da rashin motsa jiki da ƙarancin barci da wasu magunguna duk suna da hannu.

Ana auna ƙiba da raba nauyin mutum a kilogiram da tsayinsa a mita, a sake raba sakamakon da tsayin: daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya samu kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce kima ko ƙiba.

Maganin orlistat, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, yana toshe laifes ya hana tsotse kusan kashi 30 na man da aka ci. Nauyin da yake ragewa kaɗan ne, yana kuma sa bayan gida mai maiƙo da raguwar bitamin A, D, E da K, waɗanda sai da mai suke shiga jiki.

Kumburin da ido ba ya gani

Kumburin da ake nufi a nan ba irin na ƙurji ko targaɗe ba ne. Babu zafi, babu ja. Garkuwar jiki ce take zama a kunne kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, sai a gwajin jini ake ganin alamarta, kamar hauhawar furotin ɗin CRP. Ta ƙofa biyu kumburin yake tasowa.

Ta farko hanji ce. Wasu bakteriyar hanji suna da wani sinadari a ɓawonsu, LPS, wanda garkuwar jiki take ɗauka a matsayin shigowar abokin gaba. A 2007 Patrice Cani da abokan aikinsa suka ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo sosai na mako huɗu, LPS ɗin jininsu ya ninka sau biyu zuwa uku. Da suka ɗura wa wasu ɓerayen LPS kai tsaye, su ma suka yi ƙiba, jikinsu ya rage jin insulin, hormon ɗin da ke daidaita sukarin jini. Daga baya aka nuna cewa kailomaikuron da kansu suna ɗauko LPS su tsallako da shi. A 2012 masana a Jami'ar Chicago suka gano cewa kitsen madara yana sauya ruwan ɗacin ɓeraye, bakteriyar Bilophila wadsworthia ta yawaita, hanji ya kumbura a jikin ɓerayen da suka gaji rauni a halittarsu. Yawancin hujjojin wannan ƙofa daga ɓeraye suke, kuma abincin da ake ba su ya fi na yawancin mutane maiƙo.

Ta biyu ita ce kitsen jiki da kansa, kuma hujjarta ta fi ƙarfi. Da can ana ɗaukar kitse a matsayin rumbu kawai. A 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman a Harvard suka nuna cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fid da TNF-alfa, sinadarin tayar da kumburi, kuma da aka toshe shi jiki ya ƙara jin insulin. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano leftin, hormon ɗin da kitse yake aika wa ƙwaƙwalwa. A 2003 rukunin masana biyu suka samu kitsen mai ƙiba cike da makurofaj, ƙwayoyin garkuwa masu share gawa. Ƙwayar kitse idan ta cika ta batse, iskar oksijin ba ta isar ta, wasu su mutu, makurofaj su yi wa gawar zobe suna ta fid da sinadaran kumburi. Waɗannan sinadarai suna hana insulin aikinsa, ƙwayoyin kitse su riƙa zubo mai cikin jini, ya taru a hanta da tsoka. Ta nan ake zuwa ciwon suga nau'i na biyu da kitsen hanta da toshewar jijiyoyin zuciya.

Teɓar da ake yi wa kallon alamar hutu ita ta fi haɗari, domin kitsen da ya lulluɓe hanji yana zuba kayansa ne kai tsaye cikin jijiyar da ke shiga hanta.

Irin man da ake ci

Man da ke daskarewa, irin su kitsen dabba da man shanu, ya fi yawan cikakken asid, manja ma kusan rabinsa shi ne. Man gyaɗa da na riɗi da na kifi ba haka suke ba, kuma omega-3 na kifi jiki yana yin sinadaran kwantar da kumburi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 na kalorin yini ga manya, cikakken ya tsaya ƙasa da kashi 10, man masana'anta da aka daskarar da haidirojin kuma ƙasa da kashi 1.

Rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi ta hanyar abinci da motsa jiki yana gyara jin insulin. Zuƙe kitse da tiyata kuwa ba ya yin haka. A 2004 Samuel Klein da abokan aikinsa a St. Louis suka zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kusan kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki kowacce. Bayan mako 10 zuwa 12, CRP da TNF-alfa da jin insulin duk suna nan inda suke, domin kitsen da ke kewaye da hanji ba a taɓa shi ba.