Jami'in da ya ƙi aiwatar da hukuncin kotu: me doka ta tanada?

Alƙali ba shi da bindiga, kuma ba ya riƙe da makullin gidan yari. Yakan yanke hukunci ne ya sa hannu, sai wasu su aiwatar. Saboda haka ne sashe na 287 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum aiwatar da hukuncin kotuna, tun daga Kotun Ƙoli har zuwa manyan kotunan jihohi. Bai keɓe mai kaki ba.

Jami'in da ya yi kunnen uwar shegu da umarnin kotu ya faɗa laifin raina kotu, kuma alhakin a wuyansa yake shi kansa. Sai dai ba a kama shi kai tsaye. Wanda ya ci shari'a zai nemi rajistaran kotu ya fitar da fom mai lamba 48, wato gargaɗin cewa ƙin bin umarni zai kai shi kurkuku. In ya yi biris, sai fom na 49, wanda ke kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi. Dole a tabbatar takardun sun isa gare shi yadda doka ta tsara. A nan ne ƙararraki da dama ke rushewa, domin babban jami'i ba ya rasa masu tare ƙofa.

Abin ya taɓa kaiwa ga manya. A Nuwamban 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alƙali Baba, ɗaurin wata uku kan ƙin mayar da wani ɗan sanda bakin aiki. Bai kwana a gidan yari ba, kuma a watan Disamba kotun ta janye hukuncin. To, da ma wa zai kama shi? Yaransa?

Shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu suna da rigar kariya a sashe na 308, amma ba ta rufe minista ko kwamishinan 'yan sanda. In kuwa diyya kotu ta ce a biya, kuma kuɗin na hannun jami'in gwamnati, dokar aiwatar da hukunci ta ce sai Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, ya amince kafin a taɓa su. Lauyan wanda ake bi bashin ke nan ake zuwa roƙo.