Wai me ya hada mawaka da masu zane da likitocin kwakwalwa?

Mai zane da likita, ina hadinsu?

Hadin ya dade fa. Akwai wani likita dan kasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi tun yana yaro zane ne burinsa babansa ya matsa sai ya yi likitanci. Da ya fara leka naman kwakwalwa a madubin likita, da hannu ya rika zana abin da yake gani, kuma da zanen nan ya nuna cewa kwayoyin jijiya kowacce zaman kanta take, ba a dinke suke waje daya ba. A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Camillo Golgi dan Italiya, wanda ya kirkiro rinin da ke fito da kwayoyin, abin dariya kuma Golgi bai yarda da maganar Cajal ba sam.

To waka fa, da gaske tana dawo da magana?

Nan ne abin yake da ban mamaki. Yawancin mutane cibiyar magana a barin hagu na kwakwalwa take, shi ya sa za ka ga wanda ya samu shanyewar barin jiki hannun dama ya mutu magana ma ta dauke, ka tambaye shi sunan dansa ya kasa fada, amma ka dauko wata tsohuwar waka da ya sani sai ka ji ya bi ka tiryan-tiryan, don rerawa tana jawo barin dama ma cikin aikin. A 1973 wasu masana a Boston ta Amurka suka mai da wannan rerawar ta zama hanyar jinya. Za a zauna da mara lafiya a rera masa gajeriyar magana kamar "ina son ruwa", murya ta hau ta sauka, ana dan bubbuga hannunsa na hagu a kan kowace gaba, a hankali a rika rage rerawar har ta koma magana. Tsohuwar 'yar majalisar Amurka Gabrielle Giffords da aka harba a ka a 2011, waka na cikin abin da aka yi mata jinya da shi.

Rawa ma?

E, ga masu ciwon Parkinson, wannan mai sa karkarwa da kafewar kafa. Kida mai tsayayyen bugu yana ba kafa lokacin dagawa. Kungiyar rawa ta Mark Morris ta bude musu aji a Brooklyn ta Amurka tun 2001.

Kenan a ajiye magani a kama kida?

A'a wallahi. Wanda bakinsa ya karkace ko hannu ya saki farat daya, asibiti za a yi da shi a take, ba a jira gari ya waye. Wakar daga baya take zuwa, lokacin gashi da koyon magana.

Mu a Kaduna ina ruwanmu?

Ai mu ne da ruwa. Ga asibitin kwakwalwa na tarayya a Barnawa, ga asibitin koyarwa a Shika, ga sashen zane da na wasan kwaikwayo a ABU Zariya, duk jiha daya. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti, dama can maganarmu hawa da sauka take, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum. A ganina likitan da zai gwada wannan jinya da Hausa yana bukatar mawaki ko marubucin waka a gefensa, don in aka rera kalma da sautin da ba nata ba ma'ana tana iya juyewa. Kuma wanda ba ya son kida ba a bar shi a baya ba, ba sai da ganga ba, rera baiti irin na dalibai a Islamiyya ma rerawa ce.